Adakar Baba: A Sayar Ko A Ajiye?

Habu Tela: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah manya ku sa baki. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba saboda za a ɗaga kwanon kafin ruwa ya sauka, sai muka jawo adakarsa daga ƙarƙashin gado. Shekara shida da rasuwarsa ba wanda ya buɗe ta. Na ƙirga abin da ke ciki: faifan garmaho 41, kaset 130 da 'yan kai, faifan sidi wajen 60. Garmahon ma yana nan a bayan ƙofa, sai dai hannun da ake wana shi ya karye. Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu na ba wani labari, ashe akwai mai bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin kaya a kusa da mu. Ya biyo ni har gida, ya duba, ya taya dubu 60 gaba ɗaya har da garmahon. Na ce albarka, ya ce zai dawo Lahadi mai zuwa. Ga ɗaki yana yoyo, ga kayan da ba mu da abin kunna su. Amma duk sanda na ɗauki faifai ɗaya sai in ga Baba zaune a zaure yana goge shi da gefen rigarsa. Yaya zan yi?

Nura Mai Caji: Wa alaikumus salam. Yaya Habu, ka sallama kawai. Duk waƙoƙin nan ina da su a kwamfuta. Kawo memori in cika maka da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, ka saurara har ka gaji, ba allura ba wanawa.

Alhaji Ɗanjuma: Habu, shekarata talatin a kasuwa, abin da na sani kaya idan ba ya aiki to ci yake yi. Wuri yake ci, kuma kullum darajarsa raguwa take. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Karɓi kuɗinka ka rufa wa mahaifiyarka ɗaki. Sai dai kada ka saki a tayin farko, mutumin da ya biyo ka daga Gujungu har gida zai ƙara.

Malam Sabo: Nura, ɗana, ina da tambaya. Ka ce duk kana da su. Ka ga abin da ke cikin adakar?

Nura Mai Caji: A'a Baba Malam, ban gani ba. Amma ai waɗannan mawaƙan sanannu ne.

Malam Sabo: To ka ji. Sunan mawaƙi ka sani, ba abin da ke kan faifan ba. Mamman Shata ya rasu a 1999 bayan ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa, shi kansa ba ya iya ƙidaya waƙoƙinsa. Kuma makaɗan da ba sa maimaita waƙa iri ɗaya sak. Abin da ya faɗa a ɗakin ɗaukar murya daban, abin da ya faɗa a filin biki daban, ya ƙara wannan ya rage wancan gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. Abin da ke yawo a wayoyinku wani yanki ne, kuma sau da yawa an yanke kansa ko ƙarshensa, wani ma an lanƙaya masa sunan wani makaɗin daban. Na taɓa jin an tura mini kiɗan kukuma an rubuta Haruna Uji, alhali kowa a ƙasar Haɗeja ya san gurmi yake kaɗawa.

Mahaifin Habu abokina ne tun muna yara. Na san adakar nan. Lokacin da ya sayo garmahon, bayan isha'i rabin unguwa a ƙofar gidansu take kwana. Mu yara-yaran samari mukan yi rigima a kan wanda zai wana.

Auwalu Mai Gyara: Kafin a je ga sayarwa ko ajiyewa, Habu ina roƙonka abu ɗaya: kada ka kunna komai tukuna. Na sha ganin an lalata kaya da hannun mai su saboda ɗoki.

Fayafayan nan iri biyu ne. Akwai mai nauyi, mai kauri, wanda in ya faɗi yake tarwatsewa kamar tangaran. Wannan shi ne na ainihin garmaho, gudunsa zagaye 78 a minti, kowane gefe waƙar minti uku ce ko ɗan fiye. Akwai kuma mara nauyi mai ɗan lanƙwasuwa, na roba, ƙananan gudunsu 45, manyan 33. Waɗannan ba na garmahon wanawa ba ne, na injin lantarki ne mai allura mara nauyi. In ka ɗora wa na roba allurar ƙarfe ta garmaho, zagaye ɗaya za ta huɗe shi kamar garma a gona, ba ya gyaruwa. Su masu nauyin kuma kada a goge su da sifirit ko turare, narkar da fuskarsu yake yi. Tsumma mai laushi busasshe ya isa.

Sannan ka fitar da su daga ƙarƙashin kwano. Zafin bazara yana lanƙwasa na roba ya koma kamar faifan rufe ƙwarya da ya sha ruwa. A tsaye ake jera su, ba a ɗora wani kan wani.

Habu Tela: Ikon Allah. Malam Auwalu da ba ka faɗa ba, da yau na ba wa makeri hannun ya gyara na gwada su duka. Yanzu na duba, masu nauyin 14 ne, biyu sun tsage. Wasu akwai hoton kare yana leƙa bakin garmaho a tsakiyarsu. Sauran na roba ne, da yawa an rubuta sunan kamfanin EMI, akwai na Indiya guda takwas. Gara ta ci kwalayen wasu.

Sadiƙu: Kawu Habu, ni ina ganin mutumin nan ya san abin da yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. A ƙasashen Turawa faifai ya dawo kasuwa sosai. A Amurka a shekarar 2022 yawan faifan roba da aka sayar ya zarce na sidi, abin da rabon a gani tun 1987. Akwai wani shafi a intanet, Discogs, inda masu tara fayafayai suke sa kayansu da farashi. A jikin kowane faifai akwai lamba kusa da sunan kamfani, da ita ake nema. Ɗauko mini hoton tsakiyar kowanne gaba da baya in duba maka. Amma kada in sa maka rai da yawa: abin da na ga sun fi rububi a kai daga Nijeriya shi ne kiɗan Kudu na shekarun 1970, irin na su Fela. Kuma suna duba lafiyar faifai ƙwarai, ƙarzuwa kaɗan sai farashi ya faɗi, kwali ma kuɗi ne.

Alhaji Ɗanjuma: To kun ji. Yaron da ya yi boko ma ya ce ba lallai ne su yi kuɗi ba. Wa zai kai faifai Amurka daga nan? Kuɗin aikawa kaɗai ya cinye ribar. Tsuntsun da ke hannu shi ne naka, Habu.

Sadiƙu: Ranka ya daɗe Alhaji, ba cewa na yi a kai Amurka ba. Cewa na yi ya san abin da ke hannunsa kafin ya yi ciniki. Wanda ya taya duka a dunƙule, wataƙila guda biyar yake so, sauran rakiya ce.

Ustaz Kabiru: Jama'a ku yi mini afuwa, akwai abin da aka tsallake. Kowa yana ce wa Habu sayar ko kada ka sayar, kamar kayansa ne shi kaɗai. Habu, an raba gadon Baba har da adakar nan?

Habu Tela: Allah ya gafarta Malam, an raba gona da gida da dabbobi. Adakar ba wanda ya tuna da ita.

Ustaz Kabiru: To har yanzu dukiyar magada ce. Mahaifiyarku tana da tumuni a ciki tunda akwai 'ya'ya, sauran kuma naku ne, namiji rabon mata biyu. Ko allura ce ba ka da ikon sayarwa sai da yardar kowa, haka kuma ba ka da ikon riƙewa in wani yana son haƙƙinsa. Hanyar da aka saba ita ce a ƙimanta kayan, mai son ajiyewa ya biya sauran rabonsu, ko su yafe masa da bakinsu.

Batun kuɗin kayan kiɗa kuwa, malamai sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, ba zan yanke hukunci a nan ba, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Abin da zan ƙara kawai, na san Baba da sauraron tafsiri. Lallai akwai kaset na karatu a ciki. Waɗannan kada su faɗa hannun 'yan gwangwan su ƙare a bola.

Habu Tela: Akwai su da yawa Malam. Na tafsirin Malam Abubakar Gumi da Baba ya riƙa ɗauka daga Rediyon Kaduna da azumi, akwai na Malam Isa Waziri, akwai na ishiriniya.

Musa Direba: Tunda an zo maganar haƙƙi bari in yi magana, ni ne babba a ɗakinmu. Ni dai a sayar. Ba rashin son Baba ba ne, Allah ya sani. Amma ku tuna ambaliyar 2022, ruwa har gwiwa a tsakar gidan nan, katangar yamma ta zube. Adakar ta tsira ne don tana kan bulo. Wa ya ba mu tabbacin bana? Mu ajiye abu shekara da shekaru ƙarshe ruwa ko gara su cinye, ba mu ga kuɗi ba ba mu ga kaya ba. Ni ina da yara bakwai, taki nake nema.

Gwaggo Ladi: Musa, maganarka gaskiya ce, ba mai ganin laifinka. Amma ku duka ina tambayarku, wa ya je ya zauna ya tambayi Inna? Kuna ta lissafin tumuni, ita matar da ta yi shekara arba'in tana share ƙarƙashin gadon nan ba a ce mata komai ba.

Maryam: Gwaggo kin riga ni. Tun safe nake karantawa daga nan Dutse raina yana ɓaci. Yanzu na kira Inna a wayar maƙwabta. Da na ce mata za a sayar da adaka sai ta yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke. Can ta ce fayafayan ba ruwanta da su, ita dama ƙarar garmahon ba ta dame ta ba. Amma a cikin kaset ɗin akwai waɗanda ba na sayarwa ba ne, na gida ne. Ta ce shekarar da Baba ya tafi ci-rani Legas ya daɗe, ba wasiƙa yake aikowa ba tunda ita ba ta karatun boko, kaset yake ɗauka ya ba direbobin motar shanu su kawo. Ya gaishe da kowa da suna, ya faɗi yadda za a yi da gero, ya tambayi ko Yaya Musa ya fara tafiya. Ita ma sai a aro rakoda ta mayar masa da amsa. Ta ce da ya dawo ya haɗa nasa da nata ya ajiye.

Yaya Musa, muryar Baba ce yana tambayar ko ka fara tafiya. Nura yana da wannan a kwamfutarsa?

Nura Mai Caji: Wallahi Anti Maryam ba ni da ita. Na janye maganata a kan kaset. A kan sidi dai ina nan a kan bakana.

Musa Direba: Ban san da wannan ba. Wallahi ban taɓa ji ba.

Malam Sabo: Ni na sani, domin a ɗakina aka ɗauki amsar farko, rakodata aka ara. Kuma akwai wani abin da nake fata yana ciki. Wata shekara an yi gayya a gonar kakanku ta bakin fadama, mahaifinku ya rataya rakoda a wuya yana bin masu noma. Marigayi makaɗin gangar noman garin nan yana kiɗa yana kiran samari ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu da na iyayensu, mata suna guɗa daga bakin gona. Mutumin nan bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba, ba kamfanin da ya san da shi, gidan rediyo bai taɓa zuwa ba. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji gangar. Yau in ka tambayi yaran garin nan yadda ake kiɗan gayya, sai dai su kalle ka. Yawancin waɗanda ya kira a ranar suna ƙasa, jikokinsu kuma suna cikin wannan zauren suna karanta ni.

Shi ya sa tun farko ban ce a ajiye duka ba, ban ce a sayar duka ba. Faifan da kamfani ya buga, ya buga ɗaruruwa ko dubbai, in naku ya tafi akwai wani a wani gari. Wanda mutum ya ɗauka da hannunsa guda ɗaya ne tak. Mai sayen nan kuwa kaset ɗin da ba rubutu a jikinsa shi zai fara zubarwa, don a wurinsa ba shi da kasuwa.

Auwalu Mai Gyara: To Habu ga aiki. Ware duk kaset ɗin da ba na kamfani ba, irin su TDK da Maxell da Sony waɗanda ake saya babu komai a ɗauka, ko da rubutun ajami ne a jiki ko ba rubutu. A saman kowanne akwai 'yan ƙananan kunnuwa biyu, ka ɓalle su, in an ɓalle ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. Ka zura biro a ramin ka juya a hankali. In ya juya lafiya, madalla. In ka ji ya cije, ko ka ga farin fumfuna a jikin zaren, ka bar shi ka kawo mini. Kada ka sa a tsohuwar rediyon gida, robar cikinta ta riga ta saki, taunewa za ta yi. Ina da rakoda ɗaya da na canja wa roba na wanke kanta, da ita za mu yi. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi, kaɗan ake rasawa.

Su sidi kuwa Nura ya yi gaskiya. An shigo mana da su ana cewa ba sa lalacewa, ga shi kaset ɗin da ya girme su yana raye su sun mutu. Musamman waɗanda aka ƙona a shago, ba bugun kamfani ba, fatar bayansu ɓarewa take. Ɗaga su a rana, in ka ga haske yana ɓullowa ta 'yan ƙananan huji, an gama.

Sadiƙu: Ni zan zo da kwamfuta ranar Juma'a in an tashi daga lacca. Waya ce za mu haɗa daga ramin abin sauraro na rakodar zuwa kwamfuta, akwai manhajar Audacity kyauta ce. Sai dai a sani, kaset ba ya turuwa kamar yadda Nura yake turi, sai ya yi ta juyawa har ya ƙare. Na minti 90 minti 90 zai ci. Kuma kada a dogara da memori ɗaya, yana mutuwa ba sallama. A sa a wuri uku: ɗaya gida, ɗaya wurin Anti Maryam a Dutse, ɗaya a intanet. Asalin kaset ɗin ma a ajiye, ba a yarwa don an kwafa.

Na gayyar nan kuma, in magada sun yarda, zan kai kwafi cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna, duk ana adana kayan tarihi.

Maryam: Na gayya a kai, na yarda. Na Baba da Inna kuwa ba inda za su, kuma kada in ga an turo su nan. Maganar miji da mata ce. Inna za ta fara ji ita kaɗai, abin da ta ce mu ji shi za mu ji.

Gwaggo Ladi: Allah ya yi miki albarka 'yar nan.

Alhaji Ɗanjuma: Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini da me za a rufe ɗakin. Ranar da hadari ya haɗo ba kaset za a shimfiɗa a sama ba. Ku ware na gida, sauran ku sayar. In mutumin ya zo Lahadi ku kira ni, ni zan yi cinikin, ba na son la'ada.

Habu Tela: Salam jama'a, ga yadda aka kwana. Na ware kaset 23 na gida. Malam Auwalu ya duba, 19 suna juyawa, huɗu sun cije. An samu na Legas guda biyar, uku muryar Baba biyu ta Inna. Daren Juma'a muka kai mata rakoda ɗaki muka fito muka ja ƙofa. Yaya Musa yana zaune a bakin rijiya har aka yi kiran assalatu bai shiga gida ba.

Mutumin ya zo jiya. Alhaji ya ce masa ba a sayar da kaset, sai ya ce dama shi bai damu da su ba. Ya zauna ya tsinci fayafayai 11, tara a cikin masu nauyin nan da biyu na roba, ya ce waɗannan da garmaho dubu 60 ɗin tana nan. Alhaji ya ja shi har 95. Ba mu sallama ba tukuna, mun ce sai Sadiƙu ya gama duba lambobin, ya bar lambar wayarsa. Na Indiyan da sidi ko kallonsu bai yi ba. Sidin na ba Nura ya tsinci masu rai.

Maryam ta ce in an tsayar da farashi ita za ta biya Yaya Musa rabonsa a kan masu nauyin don su zauna a gida, shi kuma ya ce sai ya yi tunani, wataƙila ya yafe. Kwano mun karɓo bandir ɗaya bashi, za a biya in an sayar da garmahon da na robar. Kaset ɗin karatu Ustaz zai ɗauka bayan an kwafa.

Baba Malam, na gayyar ba ya cikin 19 ɗin da muka saurara.

Malam Sabo: To yana cikin huɗun da suka cije. Ina tuna shi, baƙi ne mai jan layi, mahaifinka ya ɗaura masa zare a jikin kwalin.

Habu Tela: Akwai mai zare a cikinsu.

Auwalu Mai Gyara: Shi ne wanda fumfuna ta fi kamawa. Kada kowa ya taɓa shi. Sai na kwance shi na mayar da zaren da ke cikinsa a wani gidan kaset, kuma ba na yin wannan aikin da dare. Kawo shi Alhamis da hantsi. Baba Malam, in da hali ka zo, don in ya tashi kai kaɗai za ka iya gaya mana sunayen waɗanda ake kira, Sadiƙu ya rubuta.

Malam Sabo: In Allah ya kai mu. Habu, ka turo yaro da babur ya ɗauke ni, ƙafar nan ba ta kai ni kasuwa yanzu.